Man kifin kemis zai maye gurbin wanda likita ya rubuta?

Tambaya: Likita, an rubuta wa mahaifina Omacor, maganin da ake yi da man kifi, saboda kitse ya yi yawa a jininsa, amma tsada ta hana mu saye. Na sayo masa man kifi a kemis, sai dai in ya yi gyatsa ƙarni ke tashi har da ɗaci. Mai shagon ya ce alamar na asali ke nan. In ci gaba da ba shi?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. 'Yar'uwa, ki dakatar da shi.

Wannan magana ta "ƙarni alamar asali" kullum sai na ji ta, kuma tana ƙona min rai. Mai kyau ƙarninsa kaɗan ne. EPA da DHA, sinadarai masu amfani da ke cikin man kifi, ba sa jure iska, zafi da haske. Da zarar sun fara ɓaci sai ƙarni da ɗaci su bayyana, amfanin kuma ya ragu. To ina ga kwalbar da ta yi watanni a kan kanta, rana na dukanta, a zafin Afrilu? Wasu kamfanonin ma ƙamshin lemo suke zubawa, ya rufe warin, hanci bai isa ya gane ba. Fasa ƙwaya ɗaya a cokali ki sunsuna, ki ɗanɗana. In ta yi ɗaci ko ta kama maƙogwaro, zubar da kwalbar. Mai shago ciniki yake nema, bai auna komai ba!

Ba a nan kaɗai ba ne. A 2015 masu bincike a Jami'ar Auckland ta New Zealand sun auna samfuran man kifi 32: uku kacal suka cika adadin EPA da DHA da aka rubuta a jikinsu, kashi 83 cikin 100 kuma sun wuce iyakar da aka amince da ita ta feroksaid, sinadarin da ke nuna mai ya fara ɓaci. A Amurka, dokar 1994 ta ba irin waɗannan damar shiga kasuwa ba tare da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ta tantance su tukuna ba, alhali Omacor sai da ya bi tantancewar magani.

Ga kuma ƙarfi. Ƙwayar Omacor ɗaya na ɗauke da kusan miligiram 840 na EPA da DHA, ta gama-gari kuwa yawanci 300. Kafin Baba ya kamo ƙwaya huɗu na likita, sai ya haɗiyi kusan 11 a rana. Kada ki gwada.

Koma wurin likitansa, ki gaya masa gaskiya kuɗin ne babu. Akwai wasu magungunan rage wannan kitse masu sauƙin kuɗi, shi zai duba wanda ya dace da Baba.