Amsa ga Hajiya kan maganin da aka ce yana rage ƙiba

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin tambaya ko gaskiya ne maganin ciwon damuwa da likita ya ɗora ƙanwarki a kai, wato Prozac, zai rage mata ƙiba, tunda ta ga cin abincinta ya ragu a makonnin farko. Na daɗe ina aikin kula da ɓerayen gwaji a nan Kumasi, kuma a ganina makonnin farko ba su isa a yanke hukunci da su ba.

Magungunan irin wannan suna ƙara ƙarfin sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, shi kuwa yana cikin abubuwan da ke sanar da jiki cewa an ƙoshi. Idan aka fara ba ɓera maganin rage ƙiba mai suna fenfuluramin, wanda ya fi Prozac ƙarfi ta wannan fuska, a ranakun farko za ki tarar da abincinsa ya rage da yawa a mazubi, nauyinsa kuma ya sauka a sikeli. Amma kafin a yi nisa sai jikinsa ya saba, cinsa ya koma kusan yadda yake a da, duk da cewa nauyinsa yakan tsaya ƙasa da na 'yan uwansa da ba a ba su komai ba muddin ana ci gaba da ba shi. Ranar da aka janye maganin kuwa, sai ya afka wa abinci kamar mai shan ruwa bayan azumi, har ya cimma sauran. Wannan shi ne abin da masu tallar maganin rama ba sa faɗa.

Sannan akwai batun illar magungunan rage ƙiba, wanda ya fi damuna. An janye fenfuluramin daga kasuwa a 1997 saboda yana lalata ƙofofin zuciya, sibutiramin ya bi sahu a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, sai lokaserin da Amurka ta amince da shi a 2012 ta kuma sa aka janye shi a 2020 bisa fargabar ciwon daji. Dukkansu ta hanyar serotonin suke aiki.

Akasin haka ma muna ganinsa a unguwannin Aboabo da Asawase na nan Kumasi, inda 'yan mata ke shan maganin ƙara cin abinci mai suna Apetamin don su yi jiki kafin biki. Sinadarin siproheptadin da ke cikinsa toshe aikin serotonin yake yi, shi ya sa yunwa ke tasowa, ga kuma yawan barci.

A mutane, masu shan Prozac sukan ɗan rame a watannin farko, daga baya nauyin ya dawo. Don haka ƙanwarki ta ci gaba da shan sa saboda ciwon da aka ba ta shi, kada ta ƙara adadi da kanta don neman rama, kada kuma ta daina dare ɗaya. Ta riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako tana rubutawa, ta kai wa likitanta takardar ranar da za ta koma asibiti.