Amsa: saka intakula mai araha a Golf 4 1.8T

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce motarka Golf 4 1.8T tana yin sanyin jiki idan rana ta take, kana tambaya ko ka sa mata babbar intakula ta gaba mai araha, wato na'urar da ke sanyaya iska kafin ta shiga injin.

Ka sa, amma kada ka ɗauki mafi girma. Ta asali ƙarama ce, tana ɓoye a gefen bamba, kuma da zafin Afrilu nan da nan take ɗaukar zafi. Iska ta shiga injin da zafi, kwamfutar motar ta rage ƙarfi don kare shi. Sai dai turbo ɗin motar, K03, wato na'urar da ke tura iska cikin injin da ƙarfi, shi ma ƙarami ne. Idan ka ba shi katuwa da dogayen bututu, za ka taka totur ka jira. Kuma mai kauri tana tare wa lagireto da kwandensar esi iska, sai ka ga allurar zafi tana hawa a cunkoso. Matsakaiciya ta wadatar.

Abin da ya fi damuna da masu araha shi ne walda. Kafin a ɗaura, a toshe bakinta biyu, a hura mata iska, a shafa ruwan sabulu a kan layin waldar. Duk inda kumfa ya taso, yoyo ne, mayar musu. A kuma wanke cikinta, domin wani lokaci akan tarar da ɓurɓushin alminiyam, kuma injin zai zuƙe shi.

Ka duba ko akwai gurbin sensar MAP, mai auna matsin iskar da ke shiga injin, don a motocin da ke da ita a kan ta asali take zaune. Kilif ɗin da ke zuwa cikin kwalin ba su da ƙarko, sayi masu noti, in ba haka ba tiyo zai fice maka a kan hanya.