Ku Tambaya Mu Amsa: Lemo Kyauta da Wasan Yara a Jirgin Ruwan Shaƙatawa, Gaskiya Ne?

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ina neman shawara. Maigidana ne ya ga tallan tafiya a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, na kamfanin MSC, zai tashi daga Barcelona ya zaga Faransa da Italiya na sati ɗaya, sun rubuta wai abin sha kyauta ne kuma akwai masu kula da yara. Yaranmu uku, mai shekara 13 da mai 6 sai autar da bata cika 2 ba. Ni dai hankalina bai kwanta ba, kyautar nan da gaske ce ko sai mun shiga a fara yanka mana kuɗi? Kuma zan iya sakin jiki in bar musu yara?
Wata uwa daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, gara da kika tambaya kafin ku biya. Abin da yake kyauta na haƙiƙa a yawancin jiragen nan shine ruwan sha na injin da ke wurin cin abinci na ɗebi-da-kanka, da shayi da kofi na gama-gari, sai madara da jus lokacin karin kumallo. Iyakarsa kenan fa. Coke da Fanta da ruwan gora da jus ɗin da ake matsewa a gabanki da kofi irin mai kumfa duk na kuɗi ne, kuma ana ɗora kuɗin hidima a kan kowane abin sha da aka saya, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari gwargwadon kamfani. Jiragen kamfanin Disney ne dai aka sani da barin lemo kyauta a wurin cin abinci da gefen wurin wanka, su kuma tikitinsu tun farko da tsada yake.

To idan talla yace abin sha kyauta, yawanci an cusa fakej ne, wato kuɗin abin sha na duka tafiyar a dunƙule, cikin kuɗin tikiti, kuma abin da ke sa fakej ɗin tsada giya ce, abin da ku ba sha zaku yi ba. Wannan shi yake min ciwo wallahi, iyali musulmi su biya kuɗin giyar da ko warinta basa so saboda kawai an rubuta musu kyauta. Ki ce wa maigida ya nemi a faɗa masa farashin tikiti zalla ba abin sha, sannan farashin fakej mara giya na manya da na yara, MSC suna da duka biyun, sai ku haɗa lissafi ku gwada da wancan. Ku kuma tambaya ko dole ne duk 'yan ɗaki su saya, don ƙa'idar kamfanoni da yawa kenan, ba a yarda mutum ɗaya ya saya yana miƙa wa sauran. In ku ba masu shan lemo bane sosai ma ku bar fakej ɗin gaba ɗaya, kowa ya tafi da gorarsa ta ruwa, sauran a saya ɗaya-ɗaya in an yi sha'awa. Kar ki ce zaki sayo katan ɗin lemo daga gari ki shiga dashi, MSC basa bari, wani kamfanin jiragen mai suna Carnival ne na sani suna barin kowane mutum ya shiga da gwangwani 12 ranar hawa.

Maganar yara kuma nan ne kuɗinku zai yi muku aiki, don kulob ɗin yara da rana kyauta ne kuma ba abin rainawa bane. A MSC sun raba su da shekaru, 'yan 3 zuwa 6, 'yan 7 zuwa 11, 'yan 12 zuwa 14, sai 15 zuwa 17, akwai ɗakin LEGO da zane-zane da gasar wasanni da ma'aikata masu kula dasu. Mai shekara 6 ɗin nan ke zaki kai shi da hannunki ki sa hannu, kuma ba a bada shi sai ga wanda kika rubuta sunansa. Ki je ki yi musu rajista tun ranar farko kar ki bari sai washegari, ki faɗa musu abin da baya ci, musamman naman alade da alawa mai jelatin, da duk abin da jikinsa baya so.

Babbar damuwata mai shekara 13 ce ba ƙananan ba. 'Yan wannan shekarun shiga da fita suke yadda suka ga dama, ba mai riƙe su, kuma jirgin nan gari ne guda, mutum dubbai, hawa sama da goma, ga mashaya ga gidan caca ga kiɗa har tsakar dare. Ki kafa mata doka tun a gida, lokacin dawowa ɗaki, ba shiga ɗakin kowa, ba karɓar abin sha daga hannun wanda bata sani ba, ba hawa kan ƙarfen baranda don ɗaukar hoto. Sannan katin da ake buɗe ɗaki dashi shine kuɗi a jirgi, ɗakin gem na kuɗi ne kuma yaro zai ta goga kati bai san yana ci ba, ku je wurin masu karɓar baƙi su rufe sayayya a katin yaran ko su sa masa iyaka.

Ita auta kar ki sa rai da yawa. Akwai ɗakin wasan 'yan ƙasa da shekara 3 amma galibi tare dake za a zauna, lokutan da ake karɓarsu a riƙe kaɗan ne kuma sai an kama wuri. Yaro mai famfas ba a barinsa shiga wurin wanka ko da famfas ɗin ninƙaya ne a yawancin jirage, ki shirya wa kukan nan. Famfas da madararta da maganin zazzaɓi ki taho dasu isassu, asibitin jirgi na kuɗi ne kuma da tsada, shi yasa inshorar tafiya ba abin wasa bace.

Abu biyu da ba ki tambaya ba. Ku biyar ne, yawancin ɗakuna mutum 4 suke ɗauka har da jariri ake ƙirgawa, kenan ɗaki biyu masu ƙofa a tsakani ko ɗakin iyali. Kuma ko an ce yara kyauta akwai harajin tashar ruwa da kuɗin hidima na kullum da ake cira, ga bizar Shengen, wato ta shiga ƙasashen Turan nan, ta kowa har auta.

TAMBAYA: Anti ni matsalata giyar ce gaba ɗaya, bana son yarana su tashi suna ganin ana sha a gabansu. Babu jirgin da babu ita?
Wani magidanci daga Maraɗi

AMSA: Akwai, Alhaji. Saudiyya ta buɗe nata kamfanin mai suna AROYA, jirginsu ya fara aiki a Disamban 2024 daga Jidda yana zaga Bahar Maliya, babu giya babu caca, abinci halal ne kuma an ware wurin sallah. Ga mai niyyar Umara da iyali sai ya duba ko kwanakin zasu haɗu, tunda daga Makka zuwa Jidda ba nisa. Amma shima ka tambaye su a rubuce wane abin sha ne ke cikin tikiti, kuma ka tabbatar bizar da ke hannunka tana bada damar fita Saudiyya a sake shigowa, don jirgin yana tsayawa a tashoshin Masar.