Na ba da kafin alƙalami a kan Tucson, yanzu RAV4 nake so

Barista, Allah ya ƙara basira. Ni tsohon malamin makaranta ne a Daura, bara na yi ritaya. Da kuɗin sallama suka fito sai na ce bari in sayi ƙaramar jif, don gonata tana can wajen Mai'aduwa, kuma da damina ƙaramar mota ba ta shiga. Wani dillali ya kai ni wani wurin sayar da motoci a Katsina, na ga Hyundai Tucson 'yar 2017, Beljiyam, da Toyota RAV4 'yar 2015 wadda ta fi ta tsada da miliyan 3. Dillalin ya yi ta rantsuwa cewa injin Tucson ɗin yana da garantin kamfani na shekara 10, sai 2027 zai ƙare. Wannan maganar ce ta ja ni, na tura masa naira miliyan 2 kafin alƙalami ta asusunsa, ya rubuta mini rasit da hannu. Washegari na kawo bakanikena, ya tuƙa ta, ya ce giyar tana fizga in an tashi daga tsaye, kuma bai yarda da fentin gefen dama ba. Na ce a maido mini da kuɗina ko a mayar da su kan RAV4. Mai wurin ya ce shi bai san da zancen garanti ba, kuma kafin alƙalami ba ya dawowa. Ina matsayina?

Malam, Allah ya ƙara girma, ya sa albarka a abin da aka tara. Bari in fara da garantin nan, tunda shi ya fitar da kuɗi daga aljihunka.

Dillalin bai ƙirƙiri shekara 10 daga kansa ba. Da gaske Hyundai da Kia suna ba da garantin inji da giya na shekara 10 ko mil 100,000 a Amurka. Abin da bai faɗa maka ba shi ne wannan alkawari na wanda ya fara sayen motar ne sabuwa dal. Da zarar ta koma hannu na biyu sai ya sauko zuwa shekara 5 ko mil 60,000, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da aka fara sayar da ita. Motar 2017 ta daɗe da wuce nan. Ko da ma da sauran kwana, takarda ce da aka rubuta don kasuwar Amurka, ba wanda zai karɓe ta a hannunka a Katsina ko a Kano ya canza maka giya kyauta. In kuma motar ta taɓa yin hatsarin da kamfanin inshora ya yanke cewa ta tashi daga aiki, aka kai ta gwanjo, to garantin ya mutu tun ranar. RAV4 ɗin ma haka take, kada ka ɗauka son kai nake yi: garantin Toyota na can shekara 3 ne a kan motar gaba ɗaya, shekara 5 a kan inji da giya. Duk motocin biyu tsirara suke ta wannan fuska.

To tunda magana ce marar tushe, kuma ita ce ta sa ka biya, doka tana tare da kai. Asali dai mai wurin yana da ɗan abin kamawa. A tsarin dokar kwangila da kotunanmu ke bi, wanda ya ajiye kuɗi don a riƙe masa kaya, sannan ya fasa haka kawai don ya hango wata ta fi, yana iya rasa su. Amma wannan hukunci na wanda ya fasa don son ransa ne. Wanda aka gaya wa abin da ba haka yake ba game da kayan, ya dogara da shi ya biya, yana da damar warware cinikin a maido masa da abin da ya bayar, ko da mai maganar ya ce shi ma bai sani ba. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta ƙara ƙarfafa wannan, ta hana ɗan kasuwa yin bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa a kan abin da yake sayarwa.

In kuma ka zaɓi Kotun Shari'ar Musulunci, tunda na ɗauka dukkanku Musulmi ne, hanyarka ta fi ma zama gajeruwa. Mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita ba ta yarda da cinikin da ake cewa "in ka fasa kuɗinka sun zama nawa" ba. Imamu Malik ya ɗauke shi cin dukiyar mutane ba tare da musaya ba. Hambaliyya ce ta halatta shi. Na sha mamakin yadda 'yan kasuwarmu suka riƙe "kafin alƙalami ba ya dawowa" kamar aya, alhali fiƙihun da aka karantar da su a zaure ya ce akasin haka.

Inda gizo ke saƙa a ƙararka shi ne asusun da ka tura kuɗin. Mai wurin ya riga ya nuna maka ƙofar da zai bi ya fita: shi bai ce komai ba, shi bai karɓi komai ba. Saboda haka tambayar da alƙali zai fara yi ita ce, dillalin nan wakilin wa ne? In yaron wurin ne, ko an saba shi ke nuna motoci yana yanke farashi mai wurin yana biyansa la'ada, to maganarsa ta hau kan mai wurin. In kai ka ɗauko shi ya nemo maka mota, shi kaɗai za ka kama. Akwai abu guda da mai wurin ya yi wanda ya taimake ka bai sani ba: da ya ce kuɗin ba sa dawowa, ai ya nuna ya san da su, yana kuma ganin nasa ne. Ka yi ƙoƙari ya maimaita wannan a rubuce ko a saƙon murya. In za a shigar da ƙara, a haɗa su biyun. Kada ka goge komai a wayarka, musamman in dillalin ya taɓa ambaton garantin a WhatsApp, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar kafa hujja da irin waɗannan saƙonni. Bakanikenka ma shaida ne, da duk wanda yake tsaye lokacin da ake rantse-rantsen.

Na san abin da 'yan uwa za su ce maka: kai shi caji ofis. Ka yi hattara. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Sai in akwai alamar zamba cikin aminci ta gaske, kamar a ce motar ma ba tasu ba ce, ko an karɓi kafin alƙalamin mutum uku a kanta. In ba haka ba, za ka kashe kuɗin mai da na zirga-zirga, daga ƙarshe a ce ku je ku sasanta.

Yanzu zancen wacce za ka ɗauka. Ni ba bakanike ba ne, amma fayilolin da suka bi ta teburina sun koya mini wani abu. Abin da bakanikenka ya ji ba sabon labari ba ne. Tucson ta 2016 da 2017 iri biyu ce: akwai mai inji 2.0 da giya ta gargajiya mai hawa 6, akwai mai inji 1.6 da tobo wadda ke da giya mai kuloci biyu, hawa 7. Wannan ta biyun an san ta da jinkiri da fizga wajen tashi, har kamfanin ya yi kiranyen wasu 'yan 2016 domin a gyara su a kan haka. Giya ce da ba ta son rarrafe a yashi da taɓo, wato ainihin abin da hanyar gona take nufi. RAV4 ta 2013 zuwa 2018 kuwa inji 2.5 ne marar tobo da giya mai hawa 6, ba wani abin burgewa, amma kowane gareji ya san cikinta, kuma in kaya ya lalace da safe, kafin la'asar an aiko maka da shi daga Ƙofar Ruwa a Kano. Cikin Tucson ya fi kyau a ido, ta fi sabunta, ban musa ba. Sai dai mai fansho ba kyan kujera zai duba ba, zai duba nawa za ta riƙa ci a shekara. Kuma kada sunan Toyota ya rufe maka ido: RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai inji 2.4 ta yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, kuma RAV4 da ta nutse a ambaliya ta fi Tucson lafiyayya sharri.

Na taɓa raka wani wanda nake wa aiki duba motar da ake rigima a kanta. A waje tana walƙiya kamar amarya. Bakaniken bai buɗe inji ba, sai ya jawo bel ɗin kujerar direba har ƙarshe, sai ga layin laka busasshe a jikinsa, daidai inda ruwa ya tsaya. Ya ɗaga kafet ya nuna mana tsatsa a kan kusoshin kujera. Sannan ya murɗa makulli bai tayar ba, ya ce mu dubi fitilun gaban direba: duk sun kunnu ban da ta jakar iska, an cire ƙwan ne don kada ta tona asiri. Minti biyar bai cika ba aka gama shari'a. Ka sa naka ya yi wa RAV4 ɗin haka, ya kuma jona mata na'urar kwamfuta. Ka kwafi lambar shasi mai harafi da lamba 17 daga ƙasan gilashin gaba, ka tabbata ita ce a jikin ƙofa da kan takardu, ka ba wani yaro ya binciko tarihinta a intanet. Motocin da suka bi ta Copart da IAAI, wato kamfanonin gwanjon motoci na Amurka, sau da yawa hotunansu na ranar hatsari suna nan, da adadin mil ɗin da ta yi kafin a mayar da mitar baya.

Sai takardar kwastan, wadda ga mutumin Daura ta fi garanti muhimmanci nesa ba kusa ba. Tun 1 ga Janairu, 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, amma kai ma ka san ba a daina bi ta daji ba. Kai kuma kullum hanyarka ta Kwangwalam ce, bakin iyakar Nijar, shinge bayan shinge. In aka tare ka aka ga ba a biya kuɗin fito ba, ko takardar ta bogi ce, motar za su riƙe, kuma "ban sani ba" ba ya sakinta. Abin da zai rage maka shi ne ka koma ka yi ƙarar wanda ya sayar maka, kana tafiya a ƙasa. Kafin ka ƙara ko sisi, ka karɓi kwafin takardun ka kai ofishin kwastan na Katsina a tantance su da lambar shasin.

In komai ya fito lafiya, a nan ne za ka yi wa kanka garanti na gaskiya. A rubuta yarjejeniya da sunan mai wurin ko kamfaninsa, a sa lambar shasi da ta inji, da adadin mil, da cewa an biya kwastan cikakke, motar ba ta sata ba ce, ba ta nutse a ruwa ba, kuma in ɗaya daga cikin waɗannan ya zama ƙarya za a maido da kuɗi duka. Ka nemi wata ɗaya zuwa uku a kan inji da giya, a faɗi wanda zai biya kaya da wanda zai biya aiki. Sashe na 132 na dokar 2018 ɗin ya ba mai saye wata 3 ya mayar da kayan da suka gaza inganci a gyara, a canza, ko a biya shi, kuma ana iya kai kuka ga FCCPC, hukumar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya. Amma ga tsohuwar mota gardama za a yi ta yi a kan wane inganci ya kamata a tsammata daga mai shekara goma, shi ya sa na fi son a rubuta. In ka ga aibi bayan ka karɓa, ka ajiye ta ka sanar da su nan take, domin a fiƙihu wanda ya ga aibi ya ci gaba da hawa ana ɗauka ya yarda.

Ga abin da zan yi in ni ne. Ranar Litinin in sa lauya ya rubuta wasiƙa ɗaya ga mutanen biyu, a ba su kwana 7, a ajiye musu zaɓi biyu: ko miliyan 2 ta dawo, ko ta koma kan RAV4 bisa sharaɗin ta tsallake bakanike da kwastan. Ina kyautata zaton mai wurin zaɓi na biyun zai ɗauka, don ciniki ne mafi tsoka gare shi. In ya turje, shugabannin ƙungiyar masu sayar da motoci sukan kashe irin wannan wuta a zama ɗaya, kafin a kai ga kotu. Sauran kuɗin kuma, wannan karon, asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan yarjejeniyar za su shiga.