Mabiya sun haura dubu goma amma littafi ya ƙi sayuwa, in biya kuɗin talla?

Wata 'yar kasuwa ce ta turo wannan tambayar, ta ce tana saye da sayarwa ta intanet kuma tana taɓa rubutu a gefe, yanzu ta buga littafinta na farko, mabiyanta a Facebook da Instagram sun haura dubu goma amma abin da ta sayar bai taka kara ya karya ba. Wai ta ciri wani abu daga jarinta, shin ta zuba a talla ne ko ta ba masu sayar da mabiya su ƙara mata yawa?

Toh Malama sannu da ƙoƙari, gama littafi ba ƙaramin aiki ba ne. Amma kuɗin nan ki riƙe abinki tukunna dan Allah. Masu sayar da mabiya kam ki manta da su gaba ɗaya, akawun ɗin bogi za su jibgo miki, ba sa karatu ba sa saye, kuma dokar shafukan ma ta hana. Sannan cutar ki za su yi, domin duk fostin ɗin da kika yi shafin yana duba ko ana tankawa ne, in ya ga shiru sai ya rage nuna shi har ga mutanen gasken da kike da su.

Ni tambayar da zan miki ita ce, wannan dubu goman me ya kawo su wajenki? Kayanki suka gani suka biyo ki, ba rubutunki ba. Mai neman kaya daban mai neman karatu daban, ko da mutum ɗaya ne ba a lokaci ɗaya yake neman su ba. Kenan a ɓangaren littafi kusan daga farko za ki fara, kuma ba laifi ba ne hakan, kawai dai ki daina auna cinikin littafin da wancan adadin yana sa miki ciwon kai.

Kuma ko da a ce duk makaranta ne, ba duka ke ganin abin da kika saka ba. Tun Janairun 2018 Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, ya fito ya ce Facebook zai fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka saka a kan na shafukan kasuwanci. Shafinki shagon haya ne, ran da mai shi ya ga dama ya canja doka ko ya rufe ƙofa ba ki da ta cewa. Vine, manhajar gajerun bidiyo, an rufe shi a 2017, Google+, shafin sada zumunta na Google, a 2019, waɗanda suka tara jama'a a can haka suka tashi hannu rabbana. A Oktoban 2021 ma Facebook da Instagram da WhatsApp duk sun ɗauke na kusan awa shida a rana ɗaya.

Saboda haka aikin da ke gabanki shi ne ki tara sunayen da suke hannunki, wato imel ko lambar wayar mutanen da suka karanta rubutunki suka ce suna son ƙari, da izininsu fa, ba wai ki kwaso lambobi daga gurup ɗin mutane kina tura musu saƙo ba, wannan bulokin kawai zai jawo miki. Hanya mai sauƙi, ki ware babi biyu ko uku na farko ki bayar kyauta ga duk wanda ya turo miki imel ko lamba. Wanda ya ɗauki wahalar turowa ya riga ya ɗaga hannu, shi ne kwastomanki. In WhatsApp za ki yi amfani da shi ki sani burodkas ɗinsa, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka a jeri ɗaya, kuma sai wanda ya yi sebin ɗin lambarki saƙon zai je masa, don haka ki riƙa roƙon su su ajiye lambar. Tashar WhatsApp da suka kawo a 2023 tana da amfani wajen sanarwa, sai dai ba ki ganin lambobin masu bin ta, kinga nan ma ba naki ba ne. Kevin Kelly na mujallar Wired ya yi wani rubutu a 2008 inda ya ce mai fasaha masoya dubu ɗaya na haƙiƙa sun ishe shi rayuwa. Ni ina ganin ya ɗan sauƙaƙa abin, amma ke in kika samu ɗari biyu ma da ke jiran littafinki na gaba kin fi mai dubu hamsin da ba sa tanka masa.

Abin da za ki riƙa sakawa kuma, a rage “ku zo ku sayi littafina” kullum safe da yamma, mutane sun gaji da shi. Ki ɗauko shafi ɗaya daga tsakiyar labarin ki yanke shi daidai inda rai zai so jin me ya faru, ko ki yi ɗan bidiyo na minti ɗaya kina karanta sakin layi da muryarki, ko ki tambaye su da su ne a matsayin wance me za su yi. Abin da ya ɗaga littattafai a TikTok daga 2020, wanda ake kira BookTok, makaranta ne da kansu ke ɗaukar bidiyo suna faɗin yadda littafi ya taɓa su, har tsofaffin littattafai suka dawo kasuwa. Da ɗan gari akan ci gari, ki ba wasu makaranta kamar ashirin kwafi kyauta ki ce su faɗi ra'ayinsu tsakani da Allah, sannan ki nemi izini ki saka sikirinshot ɗin. Kar ki biya kowa ya yabe ki, Amazon ma sun hana wannan.

Talla sai bayan nan, kuma da kaɗan-kaɗan. Ke 'yar kasuwa ce kin san lissafin, ki fara sanin ribarki a kwafi ɗaya bayan kuɗin bugu da kason dillali da aikawa, sai ki saka ɗan kuɗi na sati guda ki ƙirga mutum nawa suka saya ta dalilinsa, ba layik nawa aka yi ba. In tallan na cin naira biyu kafin ya kawo ribar ɗaya, ki kashe shi nan take. In a Amazon KDP, wato inda marubuci ke saka littafinsa da kansa a Amazon, kike sayar da na karantawa a waya, kason marubuci kashi 70 ne cikin ɗari idan farashin na cikin iyakar da suka saka, a ƙasashen da suka ware, in ba haka ba 35 ne, kuma shiga KDP Select, tsarinsu na sayarwa a Amazon kaɗai, na nufin kwana 90 ba za ki sayar da shi a wani wuri a intanet ba, har ta WhatsApp ɗinki, ki karanta sharaɗin kafin ki danna.

Sai ki buɗe wa littafin lissafinsa daban kar ki cakuɗa da jarin kayanki, in ba haka ba kasuwar ce za ta riƙa ciyar da shi ba ki sani ba. In littafi na biyu ya zo kuma, kafin ki je wajen mai bugu ki sanar da mutanen jerin nan ki karɓi odarsu, yawan waɗanda suka biya shi zai gaya miki kwafi nawa za ki buga.