Tambaya da Amsa: Ɗan Maraya Jos da Kuntiginsa

Tambaya: Malam, na taso ina jin waƙoƙin Ɗan Maraya Jos a rediyon mahaifina. Shin wannan ne sunansa na yanka? Kuma me ya sa ake jera shi da manyan makaɗa irin su Shata, alhali shi kaɗai yake waƙa da ɗan ƙaramin abin kiɗa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, sunansa na yanka Adamu, ana kuma kiransa Adamu Wayya. An haife shi a shekarar 1946 a Bukuru, garin haƙar kuza da ke kusa da Jos. Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru, ya kuma rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa, sannan mahaifiyar ta bi shi tun yaron yana jariri. Sarkin ne ya riƙe shi, kuma wannan maraicin ne ya zame masa sunan da duniya ta san shi da shi.

Tambayarki ta biyu ta fi jan hankalina. Abin kiɗan nan shi ne kuntigi, mai tsirkiya ɗaya tak, wanda galibi ake yin ƙoƙonsa da gwangwanin kifi a rufe shi da fatar akuya. Tun yana yaro ya ga masu kaɗa shi a wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri, ya haɗa nasa, bai kuma rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Shata yana da makaɗan kalangu da 'yan amshi, Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna da kotso da jama'arsu, waɗanda ke ba ubangida damar numfasawa ya shirya ɗan waƙa na gaba. Ɗan Maraya kuwa shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne amshin kansa, kuma duk wanda ya san sana'ar ya san cewa riƙe taro a haka ba ƙaramin aiki ba ne.

A ganina, abin da ya ɗaukaka shi ya fi gaban gwanintar yatsa. A al'adar da ya gada, sarakuna da attajirai ake wasawa, domin su ne masu kyautar doki da riga. Shi ya yi wa manya waƙa, amma wadda ta fara fito da shi ita ce ta karen mota, wato yaron da ke loda kaya, ya sa wa taya waigi, ya kwana a ƙarƙashin mota, wanda ba shi da abin da zai ba mawaƙi sai godiya. Ɗaukar irin wannan mutum a kambama shi kamar basarake babban al'amari ne, kuma shi ya sa talaka ya ɗauke shi nasa. Haka ya shiga cikin gidajen mutane da "Jawabin Aure" da "Auren Dole", inda yakan sauya murya ya zama miji, ya koma ya zama mata, har mai sauraro ya ji kamar a tsakar gida ake rigimar. Ya soki aurar da yarinya ga wanda ba ta so a zamanin da iyaye da yawa ba sa son a taɓo wannan zance.

Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa, daga baya kuma Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a Jos ranar Asabar, 20 ga Yuni, 2015, bayan ya yi jinya. Allah Ya jiƙansa da rahama.