Ba ya nutsewa, 'yar'uwa

'Yar'uwa, kin tambaya ko jirgin ƙarƙashin ruwan nan na wurin shaƙatawa na Disneyland a Kalifoniya yana nutsewa da gaske, don ɗanki na tsoro. Kwantar da hankalinki, ba ya nutsewa. A kan layin dogo yake tafiya, kujerun ne kawai ke ƙasa da saman ruwa. Kumfar da ke tasowa a 'yar tagar gabanki ita ke sa ki ji kamar ana yin ƙasa.

Tun 1959 yake, an rufe shi a 1998, aka sake buɗewa a 2007. Na shiga, wallahi ya burge ni. Sai dai ciki akwai matsi, ga duhu a wasu wurare, matakalar sauka kuma siririya ce mai murɗewa. Ki riƙe hannunsa tun daga bakin ƙofa.